Gunpei Yokoi, mai gyaran injin karta da ya ƙera Game Boy

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000, da wuya a ce bai taɓa tsugunawa gaban tele yana jiran a miƙo masa manet ba. Gida ɗaya ne a layi ke da na'urar, yara goma ke kanta. Wanda Mario ɗinsa ya faɗa rami sai ya ba na kusa da shi. Akasarin na'urorin nan kwafi ne da ake ƙerawa a ƙasar Sin, da kaset mai ruwan ɗorawa wanda aka rubuta a jikinsa cewa wasanni dubbai ne a ciki, in an kunna kuwa a tarar ƴan kaɗan ne ke ta maimaita kansu. Ga bindigar roba ta harbin agwagi, ga kuma karen nan da ke leƙowa daga cikin ciyawa yana yi wa wanda ya ɓarar da harbi dariya.

A ƙarƙashin babban yatsan hagu na mai riƙe da manet akwai madanni mai siffar alamar tarawa: sama, ƙasa, hagu, dama. Wannan madanni da wasan agwagin duk sun fito ne daga sashen mutum guda, wani injiniya ɗan ƙasar Japan mai suna Gunpei Yokoi, wanda ya rasu a hatsarin mota a 1997 yana da shekara 56. Shi ne kuma ya jagoranci ƙera Game Boy. Ya yi shekara 31 a kamfanin Nintendo, kuma a cikin waɗannan shekaru ne kamfanin ya tashi daga mai buga karta ya zama sunan da aka sani a duk duniya. Hanyar aikinsa ɗaya ce tun daga farko: ya bar wasu su yi ta tseren sabuwar fasaha mai tsada, shi kuma ya tsinci wadda ta tsufa, ta yi arha, aka san duk halinta, ya samo mata wani aikin da ba wanda ya yi tunaninsa.

Daga ɗakin inji

An haifi Yokoi ranar 10 ga Satumban 1941 a birnin Kiyoto, tsohon babban birnin Japan. Ya karanta ilimin lantarki a Jami'ar Doshisha da ke birnin. Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, ba ya cikin zaratan ɗalibai, kuma lokacin da abokan karatunsa ke samun aiki a manyan kamfanonin lantarki, shi bai samu ba. A 1965 ya shiga Nintendo a matsayin mai kula da injinan masana'anta.

Nintendo na wancan lokaci ba wurin da matashin injiniya ke alfahari da shi ba ne. An kafa shi tun 1889 don buga hanafuda, wata irin karta ta Japanawa mai ƙwaya 48 da zanen furanni na watanni 12 na shekara. Shugabansa, Hiroshi Yamauchi, ya gaji kujerar daga kakansa a 1949, kuma ya fahimci cewa kasuwar karta ba za ta kai shi ko'ina ba. Ya gwada harkar tasi, ya gwada shinkafa mai saurin dahuwa, duk ba su karɓe shi ba. Bayan wasannin Olamfik na Tokiyo a 1964 cinikin karta ya faɗi, darajar hannun jarin kamfanin ta bi shi.

Aikin Yokoi ba shi da yawa, injinan ba su cika lalacewa ba. Sai ya riƙa cike lokacinsa da ƴan ƙere-ƙere. Ɗaya daga ciki shi ne wasu sanduna da ya harɗa kamar almakashi, in ka matse hannayensu sai su miƙe can nesa su cafko abu. A 1966 Yamauchi ya zo zagayen masana'anta ya gan shi da abin, ya sa aka kira shi ofis. Yokoi ya tafi yana tsammanin faɗa, sai ya ji an ce ya mayar da abin kayan sayarwa. Aka sa masa suna Ultra Hand, aka sayar da fiye da miliyan 1. Daga nan aka ɗauke shi daga gyaran inji aka ce ya zauna ya yi ta ƙirƙira.

Kayan da suka biyo baya suna nuna yadda kansa ke aiki. Akwai Love Tester na 1969, wanda saurayi da budurwa ke riƙe hannun juna, kowanne kuma ya riƙe ƙarfe guda, allura ta nuna wai yawan ƙaunar da ke tsakaninsu. A gaskiya ma'aunin wutar lantarki ne kawai, irin wanda kowane mai gyaran rediyo ya sani, yana auna yadda wuta ke ratsa jiki. Ba abin da ya haɗa shi da soyayya, sai dai ya ba masu jin kunya dalilin riƙe hannu, kuma ya samu kasuwa.

Sai bindigar haske a 1970. Wani injiniyan kamfanin Sharp, Masayuki Uemura, ya zo Nintendo yana tallan ƙwayoyin sola, waɗanda ke mayar da haske wutar lantarki. Yokoi bai nemi wutar ba. Abin da ya gani shi ne ƙwayar na iya zama ido: a sa ta a jikin abin da ake harbi, bindiga ta fitar da haske, in hasken ya same ta sai kwalba ta tarwatse ko zaki ya yi ruri. Uemura ya ƙare da barin Sharp ya koma Nintendo. A 1973 suka faɗaɗa dabarar zuwa manyan zaurukan harbi, a cikin gine-ginen wasan bolin da aka daina zuwa bayan yayinsa ya wuce. An fara da cikowa, amma a ƙarshen shekarar rikicin man fetur ya girgiza tattalin arzikin Japan, masu oda suka janye, Nintendo ya kwana cikin bashi na shekaru.

Kalkuleta a jirgin ƙasa

Abin da ya fitar da kamfanin daga ramin ya faro ne a cikin jirgin ƙasa mai gudun tsiya na Japan. Yokoi ya ga wani ma'aikaci da zaman ya gundura yana ta danne-dannen kalkuleta, ba don yana lissafin komai ba. Ya yi tunanin abin wasa ƙarami da babban mutum zai ɓoye a tafin hannunsa ya yi ta yi ba tare da ya ji kunya ba.

Yadda maganar ta kai kunnen shugaba ma labari ne. Wata rana direban Yamauchi bai da lafiya, sai aka ce Yokoi ya tuƙa shi, saboda ya saba da mota mai sitiyari a hagu. A hanya ya kawo maganar. Yamauchi bai nuna ya damu ba, amma a taron da aka kai shi ya haɗu da shugaban Sharp, ya gaya masa. Ba a jima ba mutanen Sharp suka iso Nintendo.

Lokacin ya dace ƙwarai. Sharp da Casio sun shafe shekaru suna yaƙin farashin kalkuleta, har allonta da ƴar ƙwaƙwalwarta suka zama kayan arha da masana'antu ke neman inda za su kai. Dubi lambar 8 a kalkuleta: ƴan sanduna 7 ne da aka riga aka zana a cikin gilashin, ana kunna wasu a kashe wasu don a sami kowace lamba. Yokoi ya ce a maimakon sanduna a zana hannuwa da ƙwallaye da mutane a wurare daban-daban, a riƙa kunna su bi da bi, ido zai ga kamar motsi suke. Iyakar sirrin ke nan. Ranar 28 ga Afrilun 1980 aka fitar da ta farko, mai suna Ball, inda wani ɗan mutum ke jefa ƙwallaye sama yana cafewa. Aka kira jerin Game & Watch, domin kowace na da wasa ɗaya da agogo. An yi kusan iri 60 har zuwa 1991, an kuma sayar da miliyan 43.4. Har Tarayyar Sobiyet sai da ta kwaikwaye su da sunan Elektronika.

A 1982 ne madannin nan ya bayyana. Ana son a kawo wasan Donkey Kong cikin Game & Watch mai allo biyu da ake rufewa kamar littafi, wasan kuma na buƙatar tafiya ta ɓangare huɗu. Sandar tuƙi irin ta manyan injinan wasa ba za ta bari murfin ya rufu ba. Sai sashen Yokoi ya shimfiɗe ta ƙasa, ta zama madanni guda mai kai huɗu da babban yatsa ke sarrafawa ba sai an duba ba. Nintendo ya yi masa takardar mallaka, abin da ya sa sauran kamfanoni suka riƙa sauya masa fasali kaɗan, wasu su zagaye shi, wasu su raba shi gida huɗu kamar na PlayStation. Har yau yana nan a kusan kowane manet.

Shi kansa Donkey Kong da hannun Yokoi a ciki. A 1981 reshen Nintendo na Amurka na zaune da injinan wasan Radar Scope kusan 2,000 da suka ƙi sayuwa. Yamauchi ya ba wani matashin mai zane, Shigeru Miyamoto, aikin ƙirƙiro sabon wasa da za a zuba a cikinsu, ya kuma ɗora Yokoi ya kula da shi. Miyamoto bai taɓa tsara wasa shi kaɗai ba. A wannan wasa ne aka fara ganin ɗan gajeren mutumin nan mai gashin baki da hula wanda daga baya aka sa wa suna Mario. Da aka zo yin Mario Bros. a 1983, Yokoi ne ya ba da shawarar a bar Mario ya diro daga sama ba tare da ya mutu ba. Ƙaramar shawara ce, amma ka cire ta ka ga abin da zai rage na Mario.

Kwamfutar iyali

Farkon shekarun 1980 shi ne lokacin da kwamfuta ta fara shiga gidaje. A Amurka da Turai yara na wasa da Commodore 64 da ZX Spectrum, waɗanda duk suka fito a 1982, inda sau da yawa ake loda wasa daga kaset irin na rediyo, a zauna mintoci ana jin ƙara kafin a fara. Nintendo ya bi wata hanya. Ranar 15 ga Yulin 1983 ya fitar da Family Computer, wato kwamfutar iyali, wadda aka taƙaita zuwa Famicom: ba allon rubutu, ba jira, ka soka kaset ka kunna.

Gaskiya a faɗe ta, Famicom ba ƙirar Yokoi ba ce. Uemura ne da sashensa suka yi ta. Amma manet ɗinta ya ari madannin Game & Watch, kuma sashen Yokoi ya ciyar da ita da wasanni, ciki har da Duck Hunt na 1984, na harbin agwagin, da Metroid da Kid Icarus na 1986.

Bindigar agwagin ta cancanci a tsaya a kanta, domin yara da yawa sun girma suna zaton wani abu ne ke fita daga bakinta. Ba abin da ke fita. Dabarar 1970 ce aka juya: yanzu idon yana cikin bindigar. Da ka ja kunama, allon tele zai yi baƙi ƙirin na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sannan wurin da agwagwar take ya yi fari. In bindigar ta ga duhu sannan ta ga farin, ka samu. In ba ta gani ba, kare ya yi maka dariya. Dabarar ta dogara ne ga saurin tsohuwar tele mai ƙaton baya, shi ya sa ɗan ci-ranin da ya sayi tsohuwar na'urar don tuna baya, ya jona ta a tele mai shafaffen allo ta yanzu, zai yi ta harbi agwagwa ko ɗaya ba ta faɗo ba.

Shiga Amurka kuwa sai da aka yi wayo. Kasuwar wasannin bidiyo ta ƙasar ta rushe a 1983, masu kantuna ba sa son jin sunansu. Sashen Yokoi ya ƙera wani ɗan mutum-mutumi mai suna R.O.B. wanda ke karɓar umarni daga walƙiyar allon tele. Wasanni 2 kacal aka yi masa, kuma a hankali yake motsi har ya gundure ka. Amma ya sa a 1985 na'urar, da sabon sunanta NES, ta shiga kantuna a matsayin kayan wasan yara. Da ta zauna da gindinta aka manta da shi.

Famicom ɗin nan ce masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta kwaikwaya. A Rasha an san kwafinta da sunan Dendy, a wasu ƙasashe Terminator, kuma irinsu ne suka iso kasuwanninmu shekaru bayan Japanawa sun wuce wurin. Nintendo bai ci ko dala a cinikin ba. Sai dai da na'urar mai wuyar ƙira ce da tsada, da ba wanda ya kwafe ta a farashin da uba a Maraɗi zai iya saya wa ƴaƴansa.

Allo marar launi

A ƙarshen shekarun 1980 sashen Yokoi ya koma kan na'urar hannu. Mataimakinsa Satoru Okada ya ba da labari daga baya cewa sun yi jayayya: Yokoi na son abu mai sauƙi, ɗan gaba kaɗan da Game & Watch, shi kuma Okada na son ƙaramar Famicom da za a riƙa sauya mata kaset iri-iri. Ra'ayin Okada ne ya yi rinjaye a nan, kuma ya fi. Inda Yokoi ya kafe shi ne allo da batir da farashi.

Allo mai launi ya riga ya samu a lokacin, amma yana da tsada, yana buƙatar fitila a bayansa, fitilar kuma na shan batir kamar ruwa. Yokoi ya zaɓi allo marar fitila, mai ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye, da mataki 4 na duhu a kan wani kore mai kama da ruwan miyar kuka. Ƙwaƙwalwar na'urar ma ƴar gidan fasahar shekarun 1970 ce. A cikin kamfanin kansa akwai masu yi mata ba'a da wani laƙabi mai nufin abin banza. An ma kusa soke aikin baki ɗaya lokacin da Yamauchi ya duba samfurin ya ga allon ba ya ganuwa sosai, sai da Sharp ya kawo wanda ya fi.

Game Boy ta fito a Japan ranar 21 ga Afrilun 1989 a kan yen 12,500, kuma guda 300,000 na farko sun ƙare cikin mako 2. A Amurka an sayar da ita kusan dala 90. A shekarar ce Atari ya fitar da Lynx mai launi a kusan dala 180, Sega kuma ya biyo da Game Gear, ita ma mai launi, a kusan dala 150. A ido, Game Boy ba ta kama ƙafarsu ba. Amma Game Gear na cin batir 6 cikin awa 3 zuwa 5, Game Boy kuwa na kai awa 15 ko fiye da batir 4. Mu da muka san kuɗin pil a tebur, muka kuma san abin da ake nufi in kuran ya tafi, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Iyayen Amurka ma da ke sayen batir ɗin ba su buƙaci bayani ba. Game Gear ta tsaya a wajen miliyan 10, Game Boy da ƙanwarta mai launi da ta zo a 1998 suka haura miliyan 118.

Ba arha kaɗai ta yi wannan ba, akwai sa'ar wasa. Wani masani ɗan Rasha, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙiri Tetris a tsakiyar shekarun 1980 a wata cibiyar kimiyya ta Mosko, kuma a 1989 ɗan kasuwa Henk Rogers ya je can ya samo izinin sa shi a na'urar hannu. Tubala ne ke faɗowa kana jera su. Ba ya buƙatar launi, ba ya buƙatar ka iya wani harshe, ba ruwansa da shekarunka. A Amurka da Turai an haɗa shi cikin kwali ɗaya da Game Boy, an kuma sayar da kusan miliyan 35. Ƙananan na'urorin tubala na roba da suka cika tebura a nan, tare da tocila da agogo, jikokin wannan haɗin ne.

Ga kuma ƙarko. Wata Game Boy da ta ƙone a barikin sojan Amurka lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991 ta shafe shekaru a kantin Nintendo na birnin Niyok, jikinta a narke, allonta na nuna Tetris. A 1993 ɗan sama jannatin Rasha Aleksandr Serebrov ya tafi da tasa tashar Mir. Akwai wata ƴar kafa a gefen na'urar ta jona biyu da igiya, wadda ba a ɗauke ta da muhimmanci sosai ba da farko. Satoshi Tajiri ya dube ta ya ga hanyar da yara za su riƙa musayar halittu, ya gina Pokémon a kanta. Wasan ya fito a Fabrairun 1996, lokacin da ake ganin Game Boy ta tsufa, ya sake ɗaga ta sama.

Jan allo

Sai Virtual Boy. Wani kamfanin Amurka, Reflection Technology, ya zo da wata dabara: layi guda na ƙananan fitilu 224, da madubi mai kaɗawa da sauri wanda ke shimfiɗa hasken ya zama cikakken hoto. In aka ba kowane ido nasa, mutum zai ga hoto mai zurfi, kamar zai miƙa hannu ciki. Abin ya burge Yokoi. Ya zaɓi jajayen fitilu domin su ne mafi arha da ƙarancin shan batir, don haka komai a ciki ja ne a kan baƙi.

An so a riƙa ɗaura ta a kai, amma tsoron rauni da ƙarar kotu ya sa aka ɗora ta a kan ƙafafu, mai wasa ya sunkuya ya cusa fuskarsa. Hankalin kamfanin kuma ya riga ya koma kan Nintendo 64, aka fitar da ita a gaggauce a Yulin 1995 a Japan, a Agusta a Amurka, a kusan dala 180. Mutane suka yi ta kukan ciwon kai da na wuya. Kwalin na ɗauke da gargaɗi kan idon ƙananan yara, na'urar kuma kan tsaya da kanta ta ce a huta. Wasanni 22 kawai aka yi mata, aka sayar da kusan 770,000, aka daina ta kafin ta cika shekara.

Ana yawan cewa a nan Yokoi ya saki hanyarsa ya bi sabuwar fasaha. Rabin gaskiya ne, domin jajayen fitilun zaɓin mai tsimi ne irin nasa. A ganina abin da ya ɓace wani ne daban. Ultra Hand, bindigar agwagi, Game Boy, duk abubuwa ne da na kusa da kai ke gani ya ce ba ni in gwada. Virtual Boy kuwa mutum ɗaya ke cusa kai cikin duhu, ba mai leƙowa ta kafaɗarsa, ko a talla ba a iya nuna abin da yake gani. Ka tuna yaran nan goma a gaban tele guda, ka ba ɗaya daga cikinsu ita, tara za su watse.

Yokoi ya bar Nintendo ranar 15 ga Agustan 1996. Jaridu suka ce korarsa aka yi, ko kunya ce ta fitar da shi, kuma wannan labari ya bi sunansa har yau. Shi dai ya musanta a rubuce, ya bayyana cewa tun da daɗewa ya yi niyyar ya ajiye aiki a shekara 50 ya kafa nasa, jinkiri ma ya yi. Akwai abin da ke goyon bayan maganarsa: bai tafi ba sai da ya kammala Game Boy Pocket, ƙarama mai batir 2 da allo mafi kyau, wadda ta fito wata guda kafin tafiyarsa ta kuma samu karɓuwa. Ko ma mene ne ya gudana tsakaninsa da Yamauchi, da nasara a hannu ya fita.

Hanyar Hokuriku

Ya kafa ƙaramin kamfani mai suna Koto a Kiyoto, tare da wasu tsofaffin yaransa. Suka koma irin aikin da ya fi so, ƙananan wasanni na maƙalawa a makulli. Kamfanin Bandai, wanda Tamagotchi ya cika wa aljihu a lokacin, ya nemi su ƙera masa na'urar hannu da za ta yi takara da Game Boy.

Bai ga fitowarta ba. Ranar 4 ga Oktoban 1997 yana cikin mota a babbar hanyar Hokuriku, a lardin Ishikawa, wani abokin harkarsa na tuƙi, sai suka bugi bayan wata babbar mota. Hatsarin bai yi muni ba. Suka fito duba ɓarnar, wata motar da ke wucewa ta kaɗe shi. Ya cika a asibiti bayan kimanin awa 2.

WonderSwan ta fito a Japan ranar 4 ga Maris ɗin 1999, watanni kaɗan bayan Nintendo ya fitar da Game Boy mai launi. Ita allonta baƙi da fari ne, farashinta yen 4,800, kuma batir 1 tak ke riƙe ta awa 30 ko fiye. Ba ta kayar da Game Boy ba, duk nau'o'inta sun tsaya a wajen miliyan 3.5. Cikin wasannin da ta fito da su akwai na jona layuka wanda aka gina kan dabararsa, aka kuma sa masa suna Gunpey don tunawa da shi. A 2003 taron masu ƙera wasanni na Amurka ya ba shi lambar yabo ta aikin rayuwa, shekara guda kafin Nintendo ya fitar da DS, mai allo biyu da ake rufewa kamar littafi, da madanni mai kai huɗu a hagu, kamar Game & Watch ta 1982.